Garkar Cikin Gida: Farsil da Lissafin Kwanakinsa

  

Damana ta ɗauke, da asuba an fara neman mayafi, lokacin garka ya yi ke nan. A wannan fili mun sha yin maganar zogala da yakuwa da salati. Yau kuma ga mu da wani ganye wanda iyayenmu ba su tashi da shi ba, amma yanzu da wuya ki ratsa layin masu kayan miya a birni ba ki ji ƙanshinsa ba. Farsil ke nan, wasu su ce parsil.

Wane irin ganye ne?

Asalinsa daga ƙasashen bakin Bahar Rum ne, kuma dangin karoti ne da seleri. Can a ƙasar Labanan har salati ake yi da shi, a yanka shi da yawa kamar yadda muke yanka zogala a dambu. Mu nan kaɗan muke sawa: a daka shi da tafarnuwa da tattasai a shafe kaza ko kifi kafin gashi, a barbaɗa a salati, a jefa a miya ko a romo dab da saukewa.

Iri biyu ake gani. Akwai mai shimfiɗaɗɗen ganye, akwai mai murɗaɗɗen ganye kamar gashin rago. Mai murɗen ya fi kyau a ido, masu otal na son shi don ƙawata faranti. Amma mai shimfiɗar ya fi ƙanshi, ya fi jure zafinmu, kuma shi masu girki suka fi nema. In za a saya wa ƙungiya iri, shi muke ba da shawara.

Kwanakinsa da kwanakin bashi

Kafin a taɓa hauya, akwai lissafin da ya kamata kowace mace ta riƙe, don a kansa ne ake cin riba ko a yi asara.

Yakuwa da alayyahu, ki shuka yau, kafin sati ya zagayo sun leƙo. Farsil ba haka yake ba. Ɓawon irinsa yana da wani sinadari da ke jinkirta tsiro, shi ya sa yakan yi sati biyu zuwa huɗu a ƙasa shiru, kamar ba a zuba komai ba. Daga ranar shuka zuwa yankan farko kuwa, kwana 70 ne zuwa 90. Wadda ta shuka ranar 20 ga Oktoba, tsiro zai cika mata fangali wajen 10 ga Nuwamba, yankan farko kuma sai cikin Janairu.

Yanzu mu ɗora wannan a kan tsarin asusunmu. A ƙungiyoyi da yawa bashi na wata guda ne zuwa uku, da riba a kai kowane wata. A ce ƴar uwa ta ɗauki jikka 5 don ta sayi iri da taki da arozuwar, ribar kuma kashi 10 cikin 100 ce a wata. Kowane wata sefa 500 na hawa kanta. Kafin ta yanki ganye ɗaya, sefa 1,500 ta taru, ga uwar kuɗi na jira. Daga ina za ta biya? Daga kuɗin cefane, ko ta sayar da ƴar akuya, ko ta ci wani bashin don ta rufe wannan. Ganyen bai yi laifi ba, lokacinsa ne bai zo ɗaya da lokacin bashin ba.

Abu na biyu da jinkirin nan ke jawowa ya fi asarar kuɗi ciwo. Kwana goma ya wuce ba a ga komai ba, sai magana ta fara yawo: "Ai mataccen iri aka kawo mana." "Wa ya san nawa ta saye shi?" Wata ta tone fangalin ta zuba yakuwa, alhali irin yana dab da fitowa. Wadda aka aika kasuwa ta zama abin zargi a banza. Amanar da aka yi shekaru ana ginawa a bakin akwati, ƙullin iri ɗaya ya girgiza ta.

Don haka maganarmu ta yau a taƙaice ita ce: farsil ba a ci masa bashi, kuma ba a yanke masa hukunci kafin kwana 28. Wadda ta riƙe waɗannan biyun, in ya kama, shi zai riƙa biya mata zubi sati-sati har sanyi ya fita. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Sayen iri

Irin farsil ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya fiye da 500. Ƙullin giram 10 ya ishi mata da yawa, ba sai kowa ta sayi nata ba. A yi karo-karo daga aljihu, ko dala 20 ce kowace mace, a ware shi daban da kuɗin akwati. A tura mutum biyu, ba ɗaya ba, su je kantin masu sayar da iri da taki, su dawo da takardar shaidar saye in ana bayarwa.

Ga abin da za su duba. Ƙullin ya kasance a rufe ruf daga kamfani. A karanta kwanan watan da ke jikinsa, in babu mai karatu a cikinsu a tafi da ɗiyar lakwal. Kada a sayi wanda aka shanya a tebur rana na dukansa, ko wanda ake aunawa da cokali daga buɗaɗɗen gwangwani ba a san ranar da aka buɗe shi ba. Irin farsil ba ya daɗewa kamar na kuɓewa, ƙarfinsa na raguwa bayan shekara ɗaya zuwa biyu, a zafinmu ma ya fi saurin lalacewa.

In lokaci ya bari, a gwada shi a gaban kowa. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a tsumma mai damshi, a ajiye gindin randa inda ke da sanyi, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan sati uku a buɗe ranar zubi. In 14 ko fiye sun tsira, iri ne mai kyau. In ba su kai 10 ba, to a cika hannu wajen shuka, ko a nemi wani. Da wannan gwajin bakin kowa ya mutu, don ido ya gani.

Wuri da ƙasa

Ba sai mai fili ba. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ya isa a fara. Wadda ke gidan haya ko tsakar gidanta siminti ne, ga bido da aka yanke, ga tsohuwar roba, ga fasasshen tulu, ga buhun shinkafa. Sharaɗi biyu ne kawai: a huda ƙasan don ruwa ya fita, kuma zurfin ƙasar ya kai santimeta 25, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Farsil saiwa ɗaya yake saki doguwa, kamar ɗan uwansa karoti. In ta tarar da gindin roba da wuri sai ya tsugune, ganyen ya ƙanƙance. Kada a yi amfani da bidon da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji ko fetur, komai wankin da aka yi masa.

Ƙasarmu ta jigawa ba ta riƙe ruwa, ta fadama kuma takan ƙame ta tsage. Kowace iri ce, taki ne gyaranta. A haɗa awo biyu na ƙasa da awo ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashin awaki ko na tumaki wanda damana ta bi ta kansa har ya yi baƙi ya daina wari. In lakar ta yi yawa a ƙara rairayi. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro, yana kiran gara, kuma yana zuwa da irin haki. A kafce fangalin sosai, a fasa hoge, a tsince duwatsu da leda, a jiƙa shi kwana biyu kafin shuka.

Wata gargaɗi: in a wurin aka taɓa tuge tumatir ko kuɓewa aka ga saiwarsu ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, a kauce masa. Wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani ke jawo haka, kuma suna kama farsil. A sauya wuri, ko a ɗebo ƙasa daga wani gun a zuba a roba.

A cikin sanyi yana son rana, awa biyar zuwa shida. Amma a zaɓi inda ranar safe ke samu, da la'asar kuma inuwar bango ko ta zogala ta rufe shi. Wannan zaɓin zai yi mana rana idan zafi ya shigo.

Shuka da jira

Lokacin da ya fi dacewa daga tsakiyar Oktoba ne zuwa Disamba. Irin ba ya son ƙasa mai zafi, in aka yi gaggawa tun zafin kaka bai sauka ba, tsiron zai zo tsilla-tsilla.

Daren da za a shuka washegari, a jiƙa irin a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, ya kwana ya wuni. A zubar da ruwan, a sake wani sau ɗaya a tsakani. Wannan jiƙon yana wanke wani sashe na sinadarin da ke riƙe shi, yana rage kwanakin jira. Sai a baza a tsumma ya sha iska har ya daina mannewa, a cuɗa da rairayi mai laushi cikin hannu, don kada ya zuba wuri ɗaya.

A ja layi da ɗan kara, tsakanin layi da layi taƙi ɗaya. Zurfin kada ya wuce santimeta 1, kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. Irin da aka binne da zurfi ba ya da ƙarfin fasa ƙasa. A barbaɗa, a rufe da ƙasar da aka tankaɗe a rariya, a danna da tafin hannu a hankali. Sai a shimfiɗa buhun algarara ko busasshen haki a kai, a riƙa ban ruwa ta saman buhun safe da yamma. In babu arozuwar, gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa ya wadatar. Kada a kwara ruwa da kwano, zai tone irin ya tara shi gefe guda.

Cikin waɗannan kwanaki saman ƙasar bai kamata ya bushe ba ko wuni ɗaya. Irin da ya fara buɗe baki ya gamu da fari, ya mutu ke nan. Wadda za ta yi tafiyar biki ko ta gaisuwa, ta damƙa wa maƙwabciya ko ƴar ƙungiya amanar ban ruwa kafin ta fita.

Daga kwana na 10 a riƙa ɗaga buhun kullum ana leƙawa. Ranar da aka ga tsiro ya fara, a janye buhun da yamma, ba da tsakar rana ba. Nan ma akwai tarko. Ganye biyun farko sirara ne, ba su yi kama da farsil ba ko kaɗan, sai ki rantse haki ne. Da yawa an tuge su da hannun mai su, ko da hannun yaran da aka sa cirar haki. Sai ganye na uku ne ke nuna kamanninsa. Amfanin shuka a layi ke nan: abin da ya fito kan layi naki ne, wanda ya fito tsakani haki ne.

Rage tsiro, ban ruwa da tsaro

Idan kowane tsiro ya yi ganye uku zuwa huɗu na ainihi, a rage su, a bar santimeta 10 zuwa 15 tsakani. Mun san da ciwo a cire abin da aka yi sati uku ana jira, amma cunkoso ba ya ba da ganye, sai sirarun karare marasa nauyi. Waɗanda aka cire a sa a miya. Wadda ke son dasa su, ta ɗauke su tun suna ƙanana da dunƙulen ƙasarsu, da yamma, don farsil ba ya son a taɓa masa saiwa.

Maganar ruwa kuwa a yi ta da alƙalami. Fangalin mita 1 da mita 2 yana shan kusan rabin bido na lita 25 a rana cikin sanyi, in zafi ya shigo ya kusa ninkawa. Mai rijiya ko famfo a gida, sai godiya. Wadda ke saye wurin ƴan ga-ruwa, ta sa wannan a lissafi tun farko, kuma ta fara da roba biyu ko uku maimakon fangali. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk suna yi. Ruwan sabulu da na omo da na zabel ba sa yi. Ruwan kwata kuwa ko kusa, don ganye ne da ake ci ɗanye. Ruwa mai zartsi ma yana ƙone bakin ganye. A zuba haki busasshe ko ɓawon gujiya a gindin shukar, yana rage shan ruwa sosai. Iskar hunturu na busar da fangali cikin awa kaɗan, don haka a kafa zana ko darnin kara ta gefen gabas da arewa, inda take fitowa.

Maƙiyansa na farko a cikin gida suke: kaji masu tono, awaki, ƙadangaru da tsuntsaye. Akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata uku kafin ki idar da alwala. A yi shinge tun kafin shuka, ba bayan ɓarna ba. Tsohon sange da ya yayyage ya daina amfani, a wanke shi a ɗaura kan sanduna yadda ba zai taɓa ganye ba. Amma fa tsoho muka ce, kada a cire wanda yara ke kwana ciki.

In darɓa ta kama, za a ga ganye na nannaɗewa yana danƙo, ƙananan ƙwari sun taru a bayansa. Maganinta yana ƙofar gida. A daka busassun ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, giram 50 a lita 1 na ruwa, ya kwana, a tace da tsumma, a fesa da yamma har bayan ganyen. A bar kwanaki kaɗan kafin yanka, a kuma wanke sosai saboda ɗaci. Muna roƙon ku, kada a kusanto da fiya-fiya ko maganin feshin wake. Abin da za a yanka gobe a sa wa yara a salati ba a fesa masa guba.

Yanka kashi uku

Ga inda farsil ke biyan haƙurin da aka yi masa. Ba a tuge shi, yankansa ake yi, ya sake toho, a sake yanka, wata da watanni.

Idan kararen sun kai taƙi ɗaya, lokaci ya yi. A fara da na waje, manya, a yanke su tun daga gindi da wuƙa mai kaifi ko almakashi. Tsakiyar, inda sabon toho ke fitowa, ba a taɓa ta. Kada a tsinke ganye a bar kara tsaye, kuma kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kowace shuka. Bayan sati biyu zuwa uku ta sake cika.

To, tunda sati uku take buƙata, mu kuma zubinmu sati-sati ne, sai a raba fangalin gida uku da ƴan sanduna. Wannan satin a yanki na farko, sati mai zuwa na biyu, na gaba na uku. Kafin a dawo kan na farko ya murmure. Mai robobi ta yi haka: roba uku, ko shida, ko tara. Kowane ɓangaren da aka yanka a barbaɗa masa ruɓaɓɓen taki cikin hannu, a ba shi ruwa. A daidaita ranar yanka da jajibirin zubi, kuɗin ya tashi daga hannun mai saye ya faɗa akwati bai kwana a bakin zane ba.

Bari mu yi lissafin misali, kowa ta gyara shi da farashin garinsu. Fangalin mita 1 da mita 2 yana ɗaukar shuka kamar 60. Kashi ɗaya cikin uku, 20 ke nan a sati. In kowace ta ba da kara huɗu ko biyar, an samu ƙulli kamar 10. A ce ana sayar da ƙulli dala 5, an tashi da dala 50, wato sefa 250. In dala 10 ne, sefa 500. A cire kuɗin ruwa in ana saye. Kun ga ba kuɗin gina gida ba ne, kuma ba za mu ce muku haka ba. Amma zubi ne da ba a roƙi maigida ba, ba a taɓa kuɗin cefane ba, ba a ci tara ba. Tun da tsarin Mata Masu Dubara ya faro a jihar Maraɗi a 1991, da irin waɗannan ƙananan kuɗi na yau da gobe akwatuna suka cika.

Wa zai saya?

Wannan tambaya tun kafin shuka ake yin ta. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai masu nema: masu gasa kaza da kifi, masu abincin sayarwa, masu salati da yamma, masu girkin biki da suna, matan ma'aikata a unguwa. A ƙauye kuwa mutane da yawa ba su saba da shi ba. Ƙungiyar da ke nesa da gari ta fara da kaɗan don tukunyar gida, sai in tana da mai zuwa kasuwar birni kowane sati.

Kada mata 30 su shuka abu ɗaya rana ɗaya su fito da shi kasuwa ɗaya, farashi zai faɗi a kan kowa. A raba aiki. Wasu farsil, wasu seleri, wasu na'ana'a don masu shayi, wasu albasa mai lawashi. Masu farsil ɗin ma su bar sati biyu tsakanin shukarsu. Ƙullin da aka haɗa farsil da seleri da lawashi ya fi saurin tafiya, don mai girki ta samu duka a hannu ɗaya. A nemi mai saye tsayayye ko biyu, a yi magana da su tun ganye na ƙarami. A ƴan shekarun nan watan azumi yana faɗowa cikin ƙarshen sanyi, lokacin da kayan salati da na gashi ke tafiya. Mai son ta riski wannan kasuwa ta ƙirgo wata uku baya daga farkon azumi, ranar shukarta ke nan.

Ganyen ba ya jure rana bayan yanka. A yanka da sassafe ko bayan la'asar, a tsoma gindin ƙullin a kofi mai ɗan ruwa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa. Wanda bai samu mai saye ba kada a zubar. A wanke, a shanya a cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, ba a rana ba, don rana na kwashe launi da ƙanshi. A iskar hunturu kwana uku zuwa huɗu ya bushe. A murje a zuba a kwalba mai murfi. Ƙanshin bai kai na ɗanye ba, amma yana gyara miya a bazara, kuma in aka daka shi da tafarnuwa da citta yana rage yawan dunƙulen magin da muke jefawa.

In zafi ya shigo

Daga Maris farsil zai fara nuna gajiya. Cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai wanda ke inuwa ne ke kai labari. A yi masa rumfar zana, masu roba su ja su gindin itace, a ƙara haki a gindi, a rage yanka. In kuɗin ruwan ya fi abin da yake kawowa, a yi masa yankan ƙarshe a shanya, a huta sai baɗi. Babu kunya a ciki.

Kada kuma a dogara da cewa za a ɗebi iri daga gare shi kamar yadda muke yi da yakuwa. A ƙasarsa ta asali sai ya ratsa sanyi mai tsanani, a shekara ta biyu, yake fure ya ba da iri. Nan wurinmu da wuya ya yi. Saboda haka daga cikin cinikin kowane wata a ware wani abu, a rubuta shi a littafi da sunan kuɗin irin baɗi.

Kalma biyu kan lafiya

Ganyen yana da bitamin C da A da K, da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini. A sa shi dab da sauke tukunya, don doguwar dahuwa na kashe bitamin C. Wanda za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku.

Akwai saƙonni da ke yawo a WhatsApp cewa a dafa shi a sha yana wanke ƙoda. Mai ciwon ƙoda ko kumburin ƙafa ko hawan jini, wurin likita za ta je, kada ta tsaya shan ruwan ganye ciwo na ci. Mai juna biyu ta ci shi a abinci kamar kowa, amma kada ta dafa shi da yawa ta sha, kada kuma ta ci irinsa. Wadda likita ya ɗora kan maganin tsinka jini ta tambaye shi kafin ta yawaita ci, saboda bitamin K ɗin da ke ciki.

Ranar zubi mai zuwa

Bayan an rufe akwati, a ɗan tsaya a yi waɗannan. A tambayi su wa ke so, a raba masu farsil da masu sauran ganyaye. A yi karo-karon iri, a zaɓi mutum biyu masu zuwa saye. Magatakarda ta buɗe shafi guda ta rubuta sunan kowace mace da ranar da ta shuka, ta ƙirga kwana 28 ta rubuta a gefe, ta ƙirga 90 ta sake rubutawa. A amince a gaban kowa cewa babu mai tone fangali, babu mai zargin wata, sai ranar farko ta cika. In ta cika ba a ga komai a wurin kowa ba, to lallai irin ne, sai a koma wa mai kanti tare. In ya fito wa wasu bai fito wa wasu ba, a je a duba zurfi da ban ruwa, a taimaka wa ƴar uwa ta sake, lokaci bai ƙure ba har Disamba.

Ƙungiyoyin da suka riga mu gwadawa, muna jiran labarinku ta hannun wakilanku: kwana nawa ya yi kafin ya fito muku, kuma su wa suka fi saye a garinku? Abin da kuka aiko za mu kawo shi a wannan fili don wasu su ƙaru. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki na'ana'a, wadda ita reshe kawai ake dasawa.

Allah ya sa albarka a zubi, ya ba mu sanyi mai amfani. A gaida yara da masu gida. Mu kwana nan.